Sifilin Maman Gishiri

Bari in fara da laifina, domin in ban faɗa da bakina ba kakana zai faɗa, shi kuwa in ya faɗa sai ya ƙara masa gishiri. Ina ɗan shekara goma sha biyar na taɓa gaya wa wata mata mai hawan jini cewa ta warke sarai. A lokacin ko allura ban taɓa riƙewa ba. Abin da ya jawo wannan ɗanyen aiki sifili ne guda ɗaya tak. Har yau in malamin lissafi ya ce sifili ba komai ba ne sai in sunkuyar da kai, don ni na ga sifili ya kusa kayar da babbar mace a tsakiyar kasuwar Lafiya.

Kakan nawa mahaifin babana ne, mutumin Maraɗi. Ya yi karatun likita a Yamai, ya ƙaro a Dakar, ya yi aiki fiye da shekara talatin a asibitocin ƙasarsu har ya yi ritaya. Babana kuwa tun yana saurayi ya raba gari da boko, ya biyo motar albasa ya sauka a Lafiya, ya ga doya da riɗi, ya ce ya iso gida. A nan ya auri mamata, a nan aka haife ni, a unguwar Bukan Sidi. Da kakata ta rasu, babana ya yi ta zarya yana lallashi har tsohon ya yarda ya dawo wurinmu da zama.

Mako biyu kafin ya iso na riga na shaida wa unguwa kaf cewa likita na zuwa gidanmu daga ƙasar waje. Ban yi ƙarya ba, Nijar ƙasar waje ce. Ban dai faɗi wace ƙasar ba, kuma da abokaina suka fara cewa Landan ban ga dalilin da zai sa in katse su ba. Ranar da ya iso yara sun fi ashirin a ƙofar gida suna jiran jif mai baƙin gilashi. Sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, wani dogon tsoho siriri ya fito da farar jamfa, a bayansa akwatin ƙarfe biyu da buhun albasa. Akwatunan littattafai ne cike, duk da Faransanci. Wani abokina ya dube ni ya ce, “Kai, wannan ne na Landan ɗin?” Na ce masa ai ta Maraɗi jirgin ya biyo.

Tsakanin jika da kaka babu kunya, don haka tun daren farko muka ƙulla. Ni ina ce masa Tsoho, shi yana ce mini ja’iri. Hausarsa ta fi komai ba ni dariya. In zai ce tafi sai ya ce tahi, me ya koma mi, wannan ya koma wanga. Shi kuma ya ce tamu Hausar ta Lafiya ba ta san mace ba ta san namiji ba, kowa “ya zo” ne. Da na kira shi likita sai ya ɗaure fuska.

“Ni gini ne? Ka ga taga a jikina?”

Ashe a can wurinsu likita shi ne asibitin kansa, ginin da ake zuwa. Mutumin da ke duba marasa lafiya kuwa lokotoro ake ce masa. Na yi dariya har na faɗo daga kan benci. Na ce lokotoro ai ya fi kama da sunan injin niƙa. Ya ce injin niƙan ne ya karɓi haihuwar ubana.

Sanarwar da na yi ba ta tafi a banza ba. Washegari da safe mutane suka fara sallama. Mai ciwon baya, mai jikan da ke tari, da wani da ya zo da takardar awon da aka yi masa shekara uku da suka wuce. Tsoho ya fito ya gaisa da kowa cikin mutunci, ya saurare su, sannan ya ce su yi haƙuri, ba shi da izinin duba mara lafiya a ƙasar nan, su je asibiti. Ko farasitamol bai rubuta wa kowa ba. Ni kuwa kunya ta kama ni kamar in nutse, don na riga na yi wa wasu alƙawarin cewa har tiyata yana yi a tsakar gida.

Babana ya kwashi takardunsa ya je ya tambayo yadda ake yi. Amsar da ya dawo da ita ba ta da daɗi. Duk likitan da ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar hukumar da ke ba da lasisi kafin ya taɓa mara lafiya. Da Turanci ake yin ta, kashin farko kuma a kwamfuta. Tsoho yana da shekara sittin da ɗaya. Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, kwamfuta kuwa a wurin aikinsa akwai sakatariyar da ke taɓa ta, shi nasa sa hannu. Waɗanda zai zauna da su yara ne da suka dawo daga karatu jiya-jiya, duk ya haife su.

Daga nan gidanmu ya zama majalisar ba da shawara. Babana ya ce shi bai kawo mahaifinsa don ya yi aiki ba, ya zauna ya huta, ga masallaci kusa, ga inuwar mangwaro. In kuma zaman ya ishe shi sai a buɗe masa kemis a bakin titi. Tsoho ya ce bai yi shekara bakwai yana karatu don ya zauna yana miƙa wa mutane ƙwaya ta taga ba. Mamata, wadda ba ta iya haɗa ido da surukinta, ta aiko ni in faɗa masa akwai wata makaranta mai zaman kanta da ke koyar da ma’aikatan lafiya, suna neman malamai. Ya ce da wane baki zai koyar? Wani abokin babana ya ce a ba shi gona ya sa rogo, ai tsufa da gona sun dace. Wani kuma mai ƙaramin asibiti a bayan gari ya zo da kansa, ya rage murya ya ce Baba ya riƙa shigowa ta ƙofar baya, babu mai tambayar takarda. Tsoho ya sa na kawo wa mutumin ruwa, ya jira ya shanye, ya raka shi har bakin titi, ya ce masa shi tun da yake bai taɓa shiga likita ta ƙofar baya ba.

Da aka gama shawarwari bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya ce, “Garin da sunanshi Lafiya, mi za su yi da lokotoro?” Kowa ya yi dariya, shi bai yi ba.

Ya koma zaman gindin mangwaro. Kullum da hantsi sai ya fito da jakar aikinsa ta fata, ya ciro abin sauraron ƙirji da na’urar awon jini irin ta da, mai famfo da agogo, ya goge su da ƙyalle, ya mayar. Sannan ya buɗe littafi ya ɗora a cinya ba ya juya shafi. Abin da ya fi damuna shi ne ya daina rama tsokana. Na ɓoye masa tabarau, ya zauna haka nan bai nema ba. Na ce masa injin niƙa ya lalace, ya ce haka ne. Wata huɗu bai ce mini ja’iri ba. In kakanka ya daina zaginka, to abin ya kai inda ya kai.

Muna da maƙwabciya ’yar Keana, babbar mace mai fara’a, wadda ke saro gishirin garinsu tana sayarwa a kasuwa. Kowa Maman Gishiri yake ce mata. In ta yi dariya a gidanta kajinmu sai sun watse. Wata Asabar da safe ta shigo ta dafe ƙeya, ta ce kwana uku kanta na sarawa, idonta na ganin wasu ƙananan taurari. Maganin hawan jinin da ake ba ta ya ƙare tun watan jiya, kasuwa ba ta bar ta ta koma ba.

“Baba, ni ba magani nake so ba,” in ji ta. “Ka gwada ni kawai da wannan abin naka, in san inda nake.”

Tsoho ya dubi jakar aikinsa. Awon jini kowa na iya yi, ko a kemis ana yi. Ya ce in kawo kujera. Ya naɗa mata abin a damtse, ya sa abin sauraro a kunne, ya fara matsa famfo. Na ga bayansa ya miƙe, fuskarsa ta canza, kamar an kunna fitila a ɗakin da aka daɗe da rufewa. Ya auna, ya jira, ya sake aunawa a ɗaya hannun.

“Sha takwas da sha ɗaya,” ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. Sannan ya dube ta. “Ki tahi likita yanzu-yanzu. Jira in rubuto miki takarda.”

Ya tashi ya shiga ɗaki neman biro. A nan ne ni, babban tafinta, na karɓi aiki.

“Yaro na, me ya ce?” in ji Maman Gishiri. “Hausan Baba yana da nauyi.”

“Ya ce sha takwas.”

“Sha takwas? Wancan wata a asibiti nas ya ce ɗari da hamsin!”

Na yi lissafi a kaina da sauri. Daga ɗari da hamsin zuwa sha takwas ai ba ƙaramin sauka ba ne. Na ce mata, “Mama, ai kin warke. Jinin ya sauko gaba ɗaya, saura kaɗan ma ya ƙare.”

“To me ya sa ya ce in je wajen likita?”

Na san amsar wannan. Shi da bakinsa ya koya mini cewa likita gini ne. Amma murna ta rufe mini kai, ga shi ina son a ce kakana ya warkar da mutum da awo kawai. Na ce, “Ai ga ki gaban likita. Kin riga kin zo.”

Ta ɗaga hannu sama ta yi godiya da Hausa, ta ƙara da yarensu, ta ce in gaida Baba, kasuwa na jiranta. Ta fita tana rawa da kafaɗa.

Tsoho ya fito da takarda a hannu ya ga kujera babu kowa.

“Ina matar?”

Na ba shi labari ina washe baki, ina jiran yabo. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ashe a ƙasashen da ke aiki da Faransanci ba sa faɗin sifilin ƙarshe. In sun ce sha biyu da takwas, ɗari da ashirin bisa tamanin ke nan a wurinmu. Sha takwas da sha ɗayan Tsoho ɗari da tamanin ne bisa ɗari da goma, ga ciwon kai, ga taurari a ido. Matar da na sallama da albishir tana iya faɗuwa a kowane lokaci.

“Ja’iri!” ya daka mini tsawa. “Ɗan banza ja’iri! Wuce mu tahi!”

Ko a cikin tashin hankalin sai da na ji wani sanyi a raina, don wata huɗu ke nan ina jiran kalmar nan.

Ranar na san tsohon nan yana da gudu. Da silifas ɗin wanka ya fita, jamfa na tashi a bayansa, ni ina binsa ina haki. In ka tambayi mutanen layinmu za su ce maka ya tsallake kwata biyu da akuya ɗaya. Ni na ce akuya uku ne, amma ni ba a yarda da lissafina yanzu. Muka tare keke, Tsoho yana ce wa direba ya yi sauri da Hausar Maraɗi, direban yana tambayata wane yare Baba yake yi.

Muka same ta a rumfarta ta riga ta tara mata tana ba su labarin likitan ƙasar waje da ya sauke mata jini ba tare da ƙwaya ba. Har ta sayi soyayyen kifi za ta yi biki. Tsoho ya ɗauke kifin daga hannunta ya miƙa mini, ya ce in faɗa mata daidai abin da ya ce, in na ƙara ko na rage zai cire mini kunne ba tare da allurar kashe zafi ba. Na faɗa mata. Na ce ɗari da tamanin ne, ni ne na zubar da sifili a hanya. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

“Kai yaro, Allah ya shirye ka. Sifili ma sai ka sace?”

A asibiti aka karɓe ta da sauri. Nas ta auna, ta kira likita, wani matashi da bai fi sa’ar ƙanin babana ba. Tsoho ya matsa ya miƙa takardar da ya rubuta, ya fara bayani. Kalmomin na kansa, amma da Faransanci suke fitowa, in ya juya Hausa kuma sai ya rasa sunayen abubuwan. Likitan ya duba takardar, bai iya karanta ta ba, ya mayar masa da ladabi ya ce, “Baba, ’yan uwa a waje suke jira. Za mu kula da ita.”

Ba laifinsa ba ne. Abin da ya gani tsoho ne da silifas ɗin wanka da yaro riƙe da kifi.

Muka zauna a bencin baranda. Tsoho ya ninke takardar ya sa a aljihu. Can ya ce mini tun da ya fara aiki bai taɓa zama a wannan gefen ƙofar ba, ashe bencin tauri gare shi. Na ce masa ya yafe mini.

“Kai ka yi wauta,” in ji shi. “Amma kai yaro ne, wauta aikinka ce. Ni na auna mace a ƙasarta na ba ta lissahin wata ƙasa. Na ce ta tahi likita, ban ce asibiti ba. Wata huɗu ina zaune ina jiran garin ga ya koyi maganata.” Ya juyo ya dube ni. “Turancin nan naka, na gaske ne ko shi ma irin na Landan ne?”

Na ce na gaske ne, ni ne na uku a ajinmu. Na goma sha uku ne, amma tunda ranar zubar da lambobi ce na ga babu laifi.

An kwantar da Maman Gishiri kwana biyu, ta fito da ƙafarta. Mu kuma ranar Litinin muka buɗe makaranta a gindin mangwaro. Na kafa sharaɗi cewa a lokacin darasi Malam zai riƙa ce mini. Ya ce ya ji, Malam ja’iri.

Koyar da Tsoho abin mamaki ne. Dogayen kalmomin likitanci, waɗanda in na gan su sai in ji kamar an zage ni, shi yana ganinsu yake gane su, don kusan ɗaya suke da na Faransanci, lafazin ne kawai ya bambanta. Ƙananan kalmomin da ko ɗan firamare ya sani su ne ke kayar da shi. Sai ya karanta shafi guda kan ciwon ƙoda ya gyara wa marubucin kuskure, sannan ya kasa tambayar mara lafiya ko ya ci abinci. Na zama mara lafiyarsa na gwaji. A wata shida na yi ciki sau huɗu, na yi ciwon suga, maciji ya sare ni, na haukace sau biyu. Mamata ta ce na biyun ba ta ga bambanci ba.

Babana ya aro mana tsohuwar kwamfuta. Abin da ake riƙewa a matsa, wanda muke ce wa ɓera, Tsoho ya ce kusu ne, kuma ya riƙe shi kamar zai yi masa tiyata. In ya danna sau ɗaya sai ya danna da ƙarfin da tebur zai amsa. Amma babbar matsalar ba kusu ba ce. Tambayoyin gwaji kowace da ɗan lokacinta, agogo na tafiya a saman allo. Tsoho kuwa in ya karanta cewa ga wata mata mai shekara kaza ta zo da zazzaɓi, sai ya jingina ya fara tambayar kwamfuta.

“Wace sana’a take yi? Daga wane ƙauye? Ta sha wani abu a gida kahin ta zo?”

“Tsoho, babu matar nan. Ƙirƙirar ta aka yi. Zaɓi ɗaya cikin amsoshin.”

“Malam, ba a ba mutum magani ba a ga idonshi ba.”

“Agogo fa!”

“Agogon ya jira.”

Agogon bai jira ba. Da lokacin jarrabawa ya yi babana ya raka shi garin da aka tura su. Ya dawo yana ba mu labarin yadda mai gadin ƙofa ya ce masa iyaye a waje suke tsayawa, sai da ya nuna katinsa. Yaran da ke layi suka yi ta ba shi wuri suna ce masa Dadi. Ya ce duk tambayar da ya amsa ya tabbata da ita, sai dai allon ya rufe kansa saura tambayoyi da yawa bai ko gaisa da su ba. Da sakamako ya fito babu sunansa.

Na yi zaton za a koma goge jaka a gindin mangwaro. Babana ma ya ce to an gwada, ya isa haka, Baba ya huta. Washegari Tsoho ya sa jamfarsa mai kyau, ya kira mamata da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye ta ina makarantar nan take da ta taɓa faɗa. Yanzu yana da bakin koyarwa, ko da rabi ne.

Suka ɗauke shi yana koyar da sassan jikin mutum, aikin da ba ya bukatar lasisin duba mara lafiya. Ɗalibansa ’yan Eggon ne da Alago da Tibi da Migili da namu, kowa da irin Turancinsa, don haka nasa bai zama abin kallo ba. In Turanci ya ƙare masa sai ya zuba Hausa, in ita ma ta ƙare sai ya zana a allo. Wata ɗalibarsa ’yar layinmu ta ce mini darasinsa na farko ba a kan ƙashi ko jijiya ya yi shi ba. Lamba sha takwas ya rubuta a allo, ya ba su labarin wani jikansa mara hankali, ya ce duk wanda zai faɗa wa mara lafiya lamba ya tabbata shi da mara lafiyan lissafi ɗaya suke yi. Yanzu akwai ma’aikatan lafiya a ƙauyukan jihar nan da ba su taɓa ganina ba amma sun san ni. Ban san ko in yi alfahari da wannan ba, amma ina yi.

Ɗaliban ne suka fara ce masa Baba Lokotoro, sunan ya bi shi har unguwa.

Mu kuma ba mu rufe makarantar mangwaro ba. Na sauya dabara. Na karɓo agogon kicin na mamata mai ƙararrawa, in ya wuce minti ɗaya a kan tambaya sai in kaɗa masa a kunne. Ya ce wannan ba koyarwa ba ce, azaba ce. Na ce masa ya ɗauka layin marasa lafiya ne ya kai bakin titi, kuma shi kaɗai ne a bakin aiki. Ya ce a Maraɗi ranar kasuwa haka yake yi. Daga ranar hannunsa ya saki. Ashe ya iya sauri tun da can, bai dai yarda mutanen cikin kwamfuta sun cancanci a yi musu shi ba.

Maman Gishiri kan leƙo ta katanga ta ce, “Baba, ka ci wannan jarrabawa fa. Ni ba na son yaron nan ya sake duba ni.”

Ya koma karo na biyu yana da shekara sittin da uku. Ya gama na kwamfuta saura ’yan mintuna, ya ce har ya zauna yana kallon yara suna gumi. Kashi na biyu, inda ake kawo mutum a gabanka ka tambaye shi ka duba shi, wannan kam gidansa aka kai shi. Ya ce ɗaya daga cikin masu jarrabawar ya bi shi da kallo ya tambaye shi shekara nawa ya yi yana aiki, da ya faɗa sai mutumin ya ce lokacin da Tsoho ya fara aiki shi yana firamare.

Ni na ga sakamakon a waya, da rana tsaka, muna cin rogo da ƙuli. Na duba sau uku don kada in sake zubar da wani abu. Sannan na fita da gudu ina ihu har bakin titi, na faɗa wa mai shago, na faɗa wa masu keke, na faɗa wa wani mutum da ke wucewa wanda ko Hausa ba ya ji. Da na dawo na tarar da babana, wanda ya gudu daga boko, ya durƙusa gaban mahaifinsa yana share ido da hula. Tsoho kuwa ya ci gaba da cin rogonsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Malam, an gode.” Bai ƙara ja’iri ba, sai da na tuna masa.

Takardar lasisin ba ta zo nan take ba, sai da aka ƙara watanni ana cike-cike. Da ta zo kuma shekarunsa sun wuce na ɗaukar aikin gwamnati, don haka babban asibitin da na yi ta yi wa abokaina alƙawari bai samu ba. Wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Bukan Sidi ne ya ɗauke shi. Yana duba marasa lafiya Litinin da Laraba da Juma’a da safe, Talata da Alhamis yana makaranta. Ta ƙofar gaba yake shiga. Maman Gishiri na zuwa wurinsa duk wata, tana nan tana sayar da gishirinta amma ta rage shi a miya, kuma in ya auna ta sai ya faɗi lambar cikakkiya ya sa ta maimaita. Ni kuwa na zauna jarrabawar shiga jami’a bara, makin bai kai ba, zan sake bana. Shi ke riƙe mini agogon kicin.